Sanyar Goggo a Cikin Kwalba

Har yau idan na shiga mota na ji ƙamshin man zafi a jikin wani fasinja, sai raina ya ɓaci, alhali bawan Allah bai yi min komai ba. Ƙamshin saiwar sanya ke nan sak, ni kuwa ina da ciwon sanya a zuciyata wanda ban ga ranar warkewarsa ba.

Sanya ita ce itaciyar da wasu ke kira uwar magunguna. Ba ta da wani girma, tsayinta bai wuce na katangar gida ba, amma idan ta yi fure gab da faɗuwar damina, tun daga nesa hanci yake sanar da kai. Akwai guda a kan iyakar gonarmu ta gado a Beli, kuma duk gari ya san ta Goggo ce. Goggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, tana kirana Uwata saboda sunan mahaifiyarta na ci. Duk wanda baya ya riƙe masa, ko gwiwa ta kumbura, ko sanyi ya shige masa ƙashi, wurinta yake zuwa. Sai ta daka saiwar ta kwaɓa da man kaɗanya a shafa. Ban taɓa jin ta ce wa wani babu ba.

Tana da ƙa'idarta ta ɗibar saiwa, kuma na taso ina riƙe mata ƙwarya ina kallo. Takan yi bismilla, ta tona gefe guda da ɗan ƙaramin fartanyarta, ta yanki saiwa ɗaya, ta mayar da ƙasa, ta danne da tafin hannu, sannan ta watsa ɗan gero a gindin. Wani malami ya taɓa aiko mata cewa watsa geron nan ba shi da asali, ta ce a gaya masa sadaka take yi wa tsuntsaye. Kullum maganarta guda ce: "Saiwa ɗaya, Uwata. A bar mata sauran ta ci abinci da su."

Masu haƙar saiwa kuwa ba su san wannan ba, ko sun sani ba ruwansu. Suna zuwa da diga da buhuna, su tumɓuke itaciya tun daga gindinta, su sassare, su loda a mota sai kasuwannin birni. A kan idona dajin da ke tsakanin Beli da Jajaye ya koma ramuka. Tamu ta tsira ne kawai saboda tana cikin gona mai masu ita, kuma saboda bakin Goggo. Ga shi sanya ba ta da sauƙin kai. 'Ya'yanta ba su cika tsirowa ba, wanda ya tsiro kuma idan ka ɗaga shi ka dasa sai ya mutu. Goggo ta gwada har ta gaji.

Da na yi karatu na samu aiki a ɗakin gwaje-gwajen tsirrai na wata babbar makaranta a Kano, na ga yadda ake raya tsiro a cikin kwalba, sanyar Goggo ce ta fara faɗo min a rai. Aikin ba wani siddabaru ba ne. Za ka yanko ɗan toho, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ka wanke shi da magani har ya zama babu ko ƙwayar cuta guda a jikinsa, ka ɗora shi a kan wani abinci da muke dafawa, mai kama da kokon da ya kwana ya daskare, ka rufe kwalbar. A cikin abincin akwai sukari da gishirin da tsiro ke buƙata da sinadarin da ke sa shi ya yi rassa. Idan ya yi rassa ka raba su, kowane reshe kwalbarsa, su ma su yi nasu. Daga baya ka sauya musu abinci da wanda zai sa su yi saiwa. A baki ke nan.

A aikace kuwa sanya ta gasa min aya a hannu. Nakan je gida in yanko toho da sassafe, in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, in kamo hanya ta Karaye ina addu'ar kada mota ta lalace. In turara kwalabe da hantsaki da aska a tukunyar tururi, in wanke hannu da sifirit har fatata ta dinga saɓewa, in ɗaura takunkumi, ko numfashin kirki ba na yi. Bayan 'yan kwanaki in zo in tarar fumfuna ta rufe kwalbar fari fat kamar auduga. Wanda ya tsira daga fumfuna sai ya fitar da wani ruwa baƙi ya kashe kansa da kansa, sai da na koyi zuba garin gawayi a cikin abincin kafin wannan ya lafa. Ga ɗauke wuta. Ɗakin rainon yana son haske da sanyi ba yankewa, mu kuwa janaretanmu sai ranar da ya ga dama. Abokan aikina suna ta tsokanata, wai na bar ayaba da rogo masu jin magana na kama iccen aljanu. Shekaru na yi a haka, ba wata ba.

Ranar da na ɗaga wata kwalba na hango farar saiwa siririya kamar zare ta ratsa abincin, zama na yi a ƙasa da farar rigar aikina na yi kuka. Na kira gida. Goggo ba ta riƙe waya, don haka ta wayar Yaya nake samunta. Yaya shi ne babban wanmu, shi ke riƙe da gida da gona tun rasuwar Baba, mutum ne mai son a ce masa na gode. Ya buɗe muryar wayar ya miƙa mata. Na ce, "Goggo, sanyarki ta haihu a kwalba. Yanzu daga toho ɗaya ana iya fitar da dubu." Goggo ta yi ta hamdala. Can bayanta na jiyo muryar Yaya yana cewa, "Dubu? Ikon Allah." Gaskiya na faɗa, kuma ko yau aka tambaye ni haka zan faɗa. Ana iya fitarwa na ce, ban ce na fitar ba.

Ba a jima ba aka shiga yajin aiki. Aka ce za a kulle ko'ina, ba wuta, ba mai a janareta, ba mai shiga. Na san abin da wannan ke nufi: duk abin da ke cikin kwalba zai dahu a ɗakin nan. Na zaɓi waɗanda suka riga suka yi saiwa, ba su da yawa, kwalin taliya guda ya ɗauke su. Na wanke musu abincin kwalba, na dasa kowanne a ɗan kofin roba mai turarren yashi, na kifa masa farar leda na ɗaure. Tsiron kwalba bai san iska ba, bai san rana ba, ganyensa ba ya iya riƙe ruwa. Sai ya yi makonni a cikin ledar nan a inuwa, ana ɗan huda ta kaɗan kaɗan, kafin ya iya tsayawa a duniya. Sauran kwalaben na bar su a kan kanta ina kallo aka sa kwaɗo. Abin da ya sanyaya min rai shi ne uwar tana nan tsaye a gona. Ko duka suka mutu, zan sake yanko toho.

Kwalin a kan cinyata ya zo tun daga Kano har Rogo. Kwandasta ya so ya ɗora shi a but ɗin mota, na ce sai dai ya ɗora ni tare da shi. Ɗan acaɓan da ya kai ni Beli har ya gaji da jin "a hankali".

Na isa da hantsi. Aka yi ta sannu da zuwa, ya hanya, ya mutanen Kano, ya aka ji da yajin aiki. Na ajiye kwalin a inuwar rumfar tsakar gida, na ce wa Yaya da bakina, "Don Allah Yaya kada a taɓa wannan, jarirai ne." Ya ce, "Haba, wa zai taɓa?" Na ɗauki kofi guda, wanda ya fi kowanne kyan ganye, na kai wa Goggo ɗakinta. Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana leƙen cikin ledar. Na yi mata bayani: kada a buɗe, kada rana ta gan shi. Ta tura shi bayan randarta inda ƙasa ke da danshi. Na ce bari in je gona in gai da uwar. Goggo ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ki sha ruwa tukuna." Na ce sai na dawo.

Rami na tarar. Rami mai faɗi, har ruwan sama ya kwanta a ciki, ga rassan an jibge su gefe sun bushe, ga ɓawon saiwa warwatse. Na tsaya ina dubawa ko na ɓata hanya ne, a gonar da na yi wayo a cikinta. Na shiga ramin da takalmina na tona da hannu ko zan samu guntun saiwa mai rai. Sun kwashe tas, har ƙananan. Ƙamshin kawai suka bari a cikin ƙasa.

Ban san yadda na dawo gida ba. Na tarar da Yaya a zaure yana gyaran igiyar shanu. Ban yi sallama ba, kuma ban yi nadamar hakan ba.

"Yaya, ina sanyar Goggo?"

"Au, kin je gonar? Ai masu haƙar saiwar nan ne suka matsa, kullum suna hanya. Kuma tana tare wa shanu juyawa idan ana huɗa. Na ce tunda ƙanwata ta yi dubu a kwalba, meye na riƙe tsohuwa?"

"Ka tambaye ni? Ka tambayi Goggo?"

"Ke fa kika faɗa, da kunnena na ji. Dubu kika ce."

Ya faɗi haka yana ci gaba da murɗa igiyarsa, ko a jikinsa. Na cika na yi fam, amma na ce bari in fara duba jarirai kafin in buɗe baki, don na san idan na buɗe ba zan rufe da wuri ba. Na shiga tsakar gida. Kwalin yana nan a inda na ajiye shi, a buɗe, babu komai a ciki.

A garinmu duk abin da ya shigo gida a cikin kwali daga birni tsaraba ne, kuma tsaraba ba ta kwana. Mutane sun ji na zo, sun shigo yi min sannu da zuwa, ba su same ni ba, sun ga kwali. Yaya kuwa maigida ne, ba zai bari baƙo ya fita hannu rabbana ba alhali ga kaya a rumfa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙawa, yana cewa uwar magunguna ce ta zamani, ƙanwarsa ce ta haɗa a Kano. Har ya ba wani mai babur biyu ya kai wa surukansa a Kwanyawa. Da na fito na tambaye shi, cewa ya yi, "To da me kike so in ba su? Ke ba ki zo da ko burodi ba."

Ranar Beli ta ji muryata. Na ce masa abin da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta. Na ce ya sayar da abin da bai shuka ba, ya yi kyauta da abin da bai san wahalarsa ba, don dai a ce masa Allah ya saka. Na ce shekaruna ne ya raba a kofin roba. Mata suka leƙo ta kan katanga, wani dattijo ya shigo yana "a yi haƙuri, a yi haƙuri," shi kuma Yaya yana ta juya hannu yana cewa boko ya ɓata yarinyar nan, a kan ciyawa take zagin na gaba da ita. Ciyawa ya ce.

Sannan na yi abin da ba a yi: na bi gida gida ina karɓar kyautar da aka riga aka bayar. Na san abin kunya ne, na ga yadda ake kallona, ban damu ba. Amma rana ta riga ta take. A gida na farko an cire ledar, wai an ga tsiron yana gumi a ciki, an tausaya masa an ajiye shi a kan katanga ya sha iska. Ya kwanta kamar dafaffen zogale. A na biyu an juye shi an wanke kofin ana shan ruwa da shi. Wata ta dasa nata a bakin makwarara ta zuba masa kashin kaji don ya yi saurin girma. Wani tsoho ya riga ya tauna nasa, ganye da saiwa, ya ce min bai ji komai ba tukuna. Akuya ta ci wasu. Kowa da kyakkyawar niyyarsa, kowa yana min godiya, ni kuwa kamar in kurma ihu. Washegari na hau babur har Kwanyawa, na dawo da busassun tsinke biyu. 'Yan waɗanda na tsinto da sauran kore na mayar da su leda, amma ba su kai mako ba.

Saura guda, na bayan randar Goggo.

Da yake yajin aikin ya ja, sai na zauna a gida na tare a kansa. Ni da Yaya gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma don idon Goggo. Goggo kuwa ta bi umarnina fiye da yadda ɗalibaina ke bi. Ba ta bari kowa ya matsa kusa da randar, ko ruwa za a sha ita take ɗebowa. Muka huda ledar, muka ƙara hudawa, muka fara cire ta da safe muna mayarwa. Ya fitar da sabon ganye, mai kauri, irin na uwarsa. Da damina ta zauna sosai muka dasa shi a bayan ɗakinta, na zagaye shi da ƙaya, na kifa tsohon kwando saboda kaji. Ya kama. Itaciyar da ba ta yarda da dashe ta kama a bayan ɗakin Goggo, har ya kusa kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa. Ban gaya wa Goggo cewa shi kaɗai ya rage a duniya daga jinin sanyarta ba. Na ga tana murna, na bar ta da murnarta.

Aka janye yajin aiki na koma Kano. Kwalaben da na bari sun zama baƙi ƙirin, na kwashe na wanke. Duk da haka raina bai tashi ba, don ina lissafin idan na bayan ɗaki ya ƙara ƙarfi zan ɗauki toho a jikinsa in sake farawa.

Wajen kakar gyaɗa na sake zuwa gida. Ko mayafi ban cire ba na zagaya bayan ɗakin. Kwandon yana nan, ƙayar tana nan. Na ɗaga. Tsinke ne tsaye, ganyen duk sun zube. Ƙasar gindinsa a danne take sumul, da sawun tafin hannu, ga tsabar gero a warwatse wadda kaji ba su samu shiga sun tsince ba.

Goggo ta biyo ni tana dogara bango. Ban tambaye ta ba, ita ta fara.

"Yayanki ne bayansa ya riƙe, Uwata. Ya kwanta ko juyi ba ya iyawa, ga gyaɗa a gona. Ya aiko a ce min ko da ɗan abin shafawa. Ɗan wana yana nishi, in ce masa babu? Na yi bismilla na tona gefe guda. Ɗaya na yanka, wallahi ɗaya, kamar kullum."

"Goggo, ai ɗayar ce da shi."

"Na duba ban ga wasu ba. Na ce ko suna can ƙasa."

Wa zan yi wa faɗa? Matar da ta yi shekarunta duka tana tsare itaciyar nan da ƙa'ida guda, ta bi ƙa'idar ba ta kauce ba? Zuciyata tana tafasa, ba inda zan juye ta. Sai ga Yaya ya zagayo, a miƙe sarai, yana sakace. Ya yi min sannu da zuwa, ya leƙa tsinken, ya taɓe baki.

"Wannan na kwalbar ba shi da ƙarfi fa. Saiwar kamar gashi, ko ƙamshi ba ta yi a cikin man ba. Sai allura aka yi min a Rogo. In za ki sake kawowa ki zaɓo manya."

Na ɗauki kwandon na jefe shi da shi. Ban same shi ba, kuma wannan ne kaɗai abin da nake baƙin ciki a kai. Ya fice yana salati yana cewa a nema min magani.

Muka rage ni da Goggo. Ta dube ni da idanunta da suka fara yin hazo, ta ce, "Ai akwai sauran a kwalba ko, Uwata?"

Na so in ce akwai. Bakina ya ƙi. Na ce, "Babu, Goggo. Shi ke nan."

Ta dafa kafaɗata ta durƙusa da ƙyar a gaban tsinken, ta tattaro ƙasa ta ƙara masa a gindi, ta sa tafin hannu tana dannawa, tana dannawa. Na ce ta tashi, ya riga ya mutu. Ba ta tashi ba, sai da na ɗaga ta.